Rankin a Gonar Gwaggo Barira

Wallahi in na ba ku labarin nan ba za ku yarda ba, kuma ba zan ga laifinku ba. Ko waɗanda aka yi abin a kan idonsu, har taɓo ya fallatsa musu a babbar riga, yau in ka tambaye su cewa suke ranar sun tafi ta'aziyya Madobi. Amma ku je bakin kanal a Bunkure, duk mai fartanyar da kuka gani ku ce masa "rankin", ku ga in bai yar da fartanyar ya riƙe ciki ba.

Ɗanbaba mutum ne da Allah ya hore wa baki ya rage masa ƙugu. In dai aikin sunkuyo ne, to bayansa ya fara ciwo tun kafin a gama faɗa. Boko kuwa a aji biyu na sakandare suka yi hannun riga, ranar da malamin lissafi ya sa hannu a aljihu zai ɗauko alli ya ɗauko kwaɗo. Daga nan ya zama kwandasta a wata bas mai lodi daga Garun Mallam zuwa Zariya, wadda kan shiga harabar wata jami'a ta sauke fasinja ta juyo. Wannan shi ne jarinsa har gobe.

"Ni za a gaya wa jami'a?" haka yake cewa. "Ni da kullum sai na shiga na fito? Digirin ne kawai ban tsaya na karɓa ba, direba na sauri."

To a ranin nan sai Gwaggo Barira, yayar mahaifinsa, ta ba shi ekarta guda da ke jikin kanal ya noma shinkafa, don dai a ce shi ma ya taɓa yin wani abu a duniya. Ya yafa iri, iri ya fito, ya isa dashe, ya wuce, har ya fara tsufa a tsaye. Wata safiya ta same shi a gindin dalbejiya yana yi wa mutane bayanin yadda jirgin sama ke yin ribas.

"Ɗanbaba."

"Na'am Gwaggo, inuwar marayu, garkuwar dangi."

"Ajiye kirarin. Ranar Juma'a za a ɗauke ruwan layinmu a mayar wa mutanen ƙasa. In aka ɗauke ba ka dasa gonar nan ba, na ba Salim mijin 'yata Hawwa. Shi ba ya magana, amma bayansa na lanƙwasuwa."

"Gwaggo, ai an gama."

"Da baki an gama tun bara."

'Yan ƙwadago kuwa ko sallamarsa ba sa amsawa da ƙarfi, tun ranar da ya sallame su da labari da doguwar addu'a.

Ana cikin haka sai rabo ya same shi a teburin shayin Ɗanladi. Lokacin malaman jami'a na yajin aiki, ɗalibai duk sun dawo gida sun cika gari, ba abin da suke sai latsa waya da ƙarar da tuwon iyaye. Sai ga wasu masu ƙididdiga can a birni sun fitar da jerin jami'o'in ƙasa, daga ta ɗaya har ta kashin baya, abin da yaran ke kira rankin. Jami'ar Taufiq, ɗan Alhaji Jaji mai injin casar shinkafa, ta zo ta shida. Ta Sunday, ɗan Baba Maikano na tsallaken kanal, ta zo ta hamsin da takwas. Su Alhaji da Maikano kuwa tun suna samari suke cakar juna, kan kokawa, kan shanun huɗa, kan wanda ya fara sa kwano a ɗaki.

"Shida, Maikano," in ji Alhaji yana kaɗa shayi. "Ko a masallaci na shida a sahun gaba yake."

"Alhaji, in gonarka ta ba ka buhu shida, tawa ta ba ni hamsin da takwas, wa zai yi wa wani jaje?"

"Ba buhu ake ƙirgawa ba, daraja ce."

"To darajar ta wace ƙofa take shiga, tunda duk a garƙame suke? Naka na gida yana cin tuwo, nawa na gida yana cin tuwo."

"Nawa tuwon lamba shida yake ci."

Ɗanbaba, wanda ke gefe yana jiran wani ya manta rabin burodinsa, ya yi wata dariya ta wanda ya san ƙarshen zance.

"Ku yi haƙuri iyayena, kuna ta ɓata yawunku a kan fuskar kwando."

Suka juyo.

"Kun san kwandon tumatir. Manya jajaye a sama, na ƙasa sai ka je gida ka zazzage ka yi kuka. To wannan jerin da kuka gani fuskar kwando ce. Su ma masu rankin ɗin sun sani, shi ya sa akwai zagaye na biyu, gwajin fili. A fito da ɗalibai a ga abin da hannunsu ya iya. Daga nan ake fitar da lambar dindindin."

"Wa ke yin gwajin?" in ji Maikano.

Ɗanbaba ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. "An hana mu faɗa. Amma wakilin Kura da Bunkure dai bai yi muku nisa ba."

Ɗanladi mai shayi ya ƙware da nasa shayin. Amma dattawan biyu ba su yi dariya ba, domin Maikano ya hango hanyar hawa, Alhaji kuma ya hango hanyar rufe wa Maikano baki har abada.

Ɗanbaba ya ci gaba da cewa bana darasin gwajin dashen shinkafa ne, kuma doka ta ce a yi shi a gonar wanda ba shi da ɗa a jami'a, don kada a yi son kai. Ya ce shi dai bai so ba, amma zai je ya durƙusa wa Gwaggo Barira ko za ta daure ta ba da tata.

Kafin la'asar sai ga Alhaji Jaji a ƙofar ɗakinsa da ƙatuwar agwagwa a hammata, wai ya ga tana ta ramewa a gidansa ne ya ce bari a canza mata iska. Ɗanbaba ya karɓa ya auna nauyinta ya ce, "Alhaji, lamba ɗaya ai ta san gidansu." Alhaji na ficewa Maikano ya ɓullo ta bayan danga da jan zakara. Ɗanbaba ya shafa zankonsa ya ce, "Baba, lamba ɗaya ai ta san gidansu."

Gwaggo kuwa ce mata ya yi ya kira gayya ranar Alhamis.

"Kai? Wa zai amsa gayyarka?"

"'Yan jami'a zalla, Gwaggo. Ke dai ki tuƙa tuwo ki aiko. Kada ki wahalar da ƙafarki, ranar nan ba ta manya ba ce."

Ranar Alhamis da hantsi gari ya tattaru a bakin kanal. Ɗanbaba ya fito cikin wata rigar leda mai ƙyalli irin ta ma'aikata, da tabarau, da wata baƙar waya da yake karawa a kunne jefi-jefi yana cewa, "Eh yallaɓai, sun hallara. A'a, ba za mu lamunci magudi ba." Ya ja igiya ya raba gonar biyu. Gabas Taufiq da duk ɗalibin da lambar jami'arsa ke sama-sama. Yamma Sunday da 'yan ƙasa-ƙasa, har da waɗanda aka duba jerin sama da ƙasa ba a ga tasu ba.

Kada ku ce yaran ba su iya dashe ba. 'Ya'yan manoma ne, a taɓo suka yi rarrafe. Da Ɗanbaba ya yi shiru, da kafin azahar an dashe gonar tsaf ya tsira da mutuncinsa. Amma shiru ba ya cikin abin da aka raba da shi. Ya hau kan kunya ya gyara murya.

"Ma'auni na farko, yawa. Wanda ya fi yawan tushe a ƙasa shi ke da maki."

Taufiq ya ɗaga hannu. "Yallaɓai, tushen da aka dasa ake ƙirgawa, ko wanda zai rayu?"

"Wanda aka dasa mana. Mu masu rankin ba ma jiran kaka."

Shi ke nan. 'Yan gabas suka fara dasawa sili ɗaya-ɗaya, a cunkushe kamar gashin baki. 'Yan yamma da suka ga haka sai suka riƙa tsinka kowane sili biyu, su dasa gindin, su kuma soka ganyen a gefensa. Can Ɗanbaba ya hango Sunday ya zagaya bayan su Taufiq yana tuge abin da suka dasa yana kaiwa ɓangarensa.

"Kai Sunday, mene ne haka?"

"Yallaɓai, ɗauko ƙwararru daga wata jami'a ke nan. Kowa na yi."

Taufiq ya tura nasa mutanen su ma su je ɗauko ƙwararru. Akwai tushe ɗaya da na tabbata ya yi aiki a jami'o'in nan biyu ya fi a ƙirga, har saiwarsa ta gaji ta rabu da shi. Irin Ɗanbaba ya ƙare ko sulusin gonar ba a rufe ba. Sai aka koma dasa sabe da aya-aya, tunda ba wanda ya ce sai shinkafa. Da ciyawa ta yi wuya, wani ya hango fangalin irin Malam Musbahu, maƙwabcin gonar, kore shar, mai shi ya tafi kasuwar Kura. Kafin ƙiftawa da bismilla fangalin ya koma kamar kan jariri ranar suna.

Ɗanbaba ya dubi fangalin. Ya ga in bai juya akalar ba za su kai ga dasa junansu. Ya tuna wani abu da ya ji Taufiq na karantowa daga waya, ya kara tasa a kunne ya gyaɗa kai.

"An canza. Ma'auni na biyu, ɗaliban ƙasar waje. Jami'ar da ta fi baƙi ita ce gaba."

Shi a tunaninsa ba mai baƙo, kowa zai tsaya ya huce. Ashe bai san Alhaji Jaji ba. Alhaji ya haye babur, sai ga shi ya goyo Buzun da ke gadin injinsa, da rawani da takobi da butar shayi. Aka tsayar da bawan Allah a tsakiyar taɓo, bai san hawa ba bai san sauka ba.

"Daga Agadas," in ji Alhaji. "A rubuta."

Maikano ya juya. Ya tsallaka kanal, ya dawo janye da jakinsa.

"Baba Maikano, wannan fa?"

"A Maraɗi aka haife shi. Ga wanda ya sayar min nan da ransa."

"Jaki ne fa, Maikano," in ji Alhaji.

"An ce ɗalibi, ba a ce mai ƙafa nawa ba. Kuma ya fi naka zuwa aji, kullum sai ya wuce ta gaban firamare."

Duk ido ya koma kan Ɗanbaba. Shi kuwa jan zakara na kwance a cikinsa tun jiya, ina bakin musu? Ya ce za a ba jakin rabin maki. Alhaji ya ce to a ba Buzunsa ɗaya da rabi saboda takobi. Ana wannan ciniki baƙon ɗalibi na Maraɗi ya shiga gonar ya fara karatu, ya kama layin gabas yana kiwo, da Buzu ya daka masa tsawa sai ya yi tsalle ya kwanta ya yi birgima a kan layin yamma, don kada a ce ya yi son kai.

Ɗanbaba ya dubi gonar. Ya ce a ransa in an ƙara ruwa ko ɓarnar za ta ɓuya, kafin Gwaggo ta gani ya san ƙaryar da zai shirya.

"Ma'auni na uku, kayan aiki. Wanda ɓangarensa ya fi ƙoshi da ruwa."

Su Sunday suka kwaso duk tiyon da ke layin suka jera a bakin kanal. Alhaji ya aika aka ɗauko injin ban ruwa, aka tayar. Su Sunday suka ga tiyo ba zai kamo inji ba, sai suka sa fartanya suka sare gaɓar ƙaramin kanal ɗin gaba ɗaya. Ruwa ya shigo da gudu kamar an biyo shi. Igiyar tsakiya ta tafi, gabas da yamma suka zama jami'a ɗaya. Dashen da ba saiwa ya taso sama ya bi ruwa, shinkafa da sabe da aya-aya, suka ratsa kunya suka faɗa albasar Malam Musbahu. Ɗanbaba ya ruga zai toshe da ƙafa, ƙafar ta zame, ya tafi gaba ɗayansa. Da ya ɗago, tabarau ya yi gaba, matsattsaku biyu sun kama aiki a wuyansa.

Daidai nan aka ji guɗa.

Gwaggo Barira ce tafe, da mata a bayanta ɗauke da kwanukan tuwo da tulun kunu. Tun da aka haifi Ɗanbaba ba a taɓa amsa kiransa ba, ta ce wannan abin sai ta gani da idonta. Daga kan hanya ba ta hango gonar ba, taron ta hango. Ta nufi Alhaji Jaji kai tsaye.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Kai da arzikinka ka turo ɗanka gayyar Ɗanbaba, har da inji. Maikano, kai ma har da jaki. Allah ya bar zumunci."

Alhaji da Maikano suka dubi juna.

"Gayya?" in ji Alhaji. "Hajiya Barira, rankin ake yi."

"Ranƙwashi? Wa za a ranƙwasa?"

"Rankin. Gwajin jami'o'i. Ga wakili can."

Ta juya ta ga wakili tsaye cikin ruwa har gwiwa, sannan ta ga abin da ya saura na gonarta.

Ɗanbaba ya yi ta maza ya lalubo wayarsa ya kara a kunne. "Yallaɓai, an sami 'yar tangarɗa a nan, amma..."

"Da wa kake magana?" in ji Gwaggo. "Wayar nan ta mutu tun kafin azumin bara. Da ita nake danne murfin tukunya, tun shekaranjiya nake nemanta. Rigar nan kuma ba ta tashar mota ba ce, da ka gudo da ita?"

Maikano ya matso a hankali. "Ɗanbaba, zakarana fa? Ka ce lamba ɗaya ta san gidansu."

Alhaji ya juyo. "Kai ma haka ya ce maka?"

"Kai me ka kai?"

Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Ɗanladi mai shayi ya amsa daga cikin taro, "Agwagwa. Ni na ara masa wuƙa."

Ana haka Malam Musbahu ya dawo daga kasuwa. Ya dubi fangalin irinsa, ya dubi albasarsa na iyo, ya sauka daga keke ya jingine shi da kyau, ya fara naɗe hannun riga. Ɗanbaba ya duba gabas Buzu da takobi, ya duba yamma jaki, ya zaɓi ya tsaya inda yake.

Mai unguwa bai ko nemi a je zaure ba, a nan bakin kanal ya yanke. Ɗanbaba zai gyara gaɓar da aka sare da hannunsa kafin a ɗauke ruwa. Zai yafa wa Malam Musbahu sabon iri, ya dasa masa, ya bi albasarsa fangali-fangali. Da aka zo kan agwagwa da zakara, Ɗanbaba ya ce su kam sun riga sun wuce zagaye na biyu, sai aka ce to ya biya da ƙugunsa, dashe a gonar Alhaji, dashe a gonar Maikano. Gwaggo ta ce ita ba ta da ƙara. Ta dai kira Salim ta ce gona tasa ce, ta kuma ba shi ɗan ƙwadago kyauta, ba sai ya ciyar da shi ba, tunda ya ci kaji. Tuwon gayya kuwa ɗalibai suka zauna suka tashi da shi, gabas da yamma a kwano ɗaya.

Bayan kwana biyu Ɗanbaba na sunkuye a gonar Salim, taɓo har cinya, ƙugu na kiran sunan kakanninsa, sai ya ji an yi gyaran murya a kan kunya. Alhaji Jaji ne, shi kaɗai, da farar shadda.

"Sannu da aiki, Ɗanbaba."

"Yawwa Alhaji. In kan agwagwa ne, gobe nake gonarka."

"Ba ita ba ce." Alhaji ya tsuguna ya rage murya. "Na san ƙarya ce. Kowa ya san ƙarya ce. To amma a cikin ƙaryar, tsakaninka da Allah, mu ne na nawa?"

Ɗanbaba ya ɗago a hankali, ya dubi Alhaji, ya dubi sauran gonar da ko rabi bai kai ba.

"Alhaji, sakamakon na nan a kaina, sunkuyon nan ne ya hargitsa lissafin. Da zan sami wanda zai kama min layi biyu in miƙe in yi tunani, da ya dawo. Ɗazu ma Baba Maikano ya ce zai leƙo."

Alhaji Jaji ya duba dama, ya duba hagu, ya cire takalmi, ya fara naɗe ƙafar wando.